ALHAJI MAMMAN SHATA, MAWAƘIN FUNTUA

Wanda ya tashi daga birnin Katsina ya nufi kudu, zai ga ƙasa tana sakewa kaɗan kaɗan. Rairayi ya kan ragu, laka ta ƙaru, itatuwa su yi tsawo, ruwan sama kuma ya fi na arewa yawa. Nan ne Malumfashi, garin Galadima, da Bakori, garin Makama, da Funtua, garin Sarkin Maska. Mutanen wannan yanki manoma ne na gaske. Suna noman dawa da masara da gero da gyaɗa, amma abin da ya fi fid da sunansu shi ne auduga. Tun zamanin Turawa aka kafa injin gurzar auduga a Funtua, aka kuma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Zariya, ta ratsa Funtua da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a cikin shekara ta 1929. Saboda haka garin ya cika da baƙi, fatake da 'yan kamasho da direbobi da leburori, kowa da irin bakinsa da labarin garinsu.

A wannan ƙasa aka yi wani mutum wanda bai yi sarauta ba, bai ci gari da yaƙi ba, bai kuma rubuta littafi ko ɗaya ba, amma duk da haka da wuya a sami Bahaushen da bai san sunansa ba. Shi ne Alhaji Mamman Shata. Waƙa ita ce sana'arsa. Abin mamaki cikin labarinsa shi ne bai gaji waƙa ba, ba kuwa wanda ya zaunad da shi ya koya masa. Da wasa ya fara, wasan nan kuwa ya zama sana'a, ta riƙe shi fiye da shekara hamsin.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haife shi a garin Musawa, arewa da Malumfashi, a cikin shekara ta 1923, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Sunansa na yanka Muhammadu, watau Mamman. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya. Asalinsu Fulani ne. Shata laƙabi ne wanda aka sa masa tun yana yaro, ya bi shi har ya danne sunan yanka.

Da ya isa karatu aka sa shi makarantar allo, kamar sauran yaran garin. Bai shiga makarantar boko ba, gama a lokacin nan makarantun boko kaɗan ne ƙwarai a ƙauyuka. Da ya ƙara tasawa sai ya kama tallan goro, daga baya kuma ya koma tallan alewa.

Kada a raina tallan goro, gama sana'a ce mai koya wa yaro hankali. Goro daga ƙasashen kurmi a ke kawo shi, ba ya kuwa jure bushewa. Tilas mai sayad da shi ya lulluɓe shi da ɗanyen ganye, ya riƙa yayyafa masa ruwa, ya riƙa tsince wanda sankara ta taɓa don kada ya ɓata sauran. Tilas kuma ya ware fari da ja, manya da ƙanana, ya san lissafin ƙwarya, watau goro ɗari, ya san nawa ya sayar, nawa ya rage. Yaron da ya yi sakaci kwana biyu, jarinsa ya tafi ke nan.

Ban da wannan kuma, ɗan talla ya fi kowa jin magana. Kasuwa ita ce matattarar harshe. Can ne zai ji mahauta ana yi musu kalangu a bakin rumfa, ya ji mai magani yana yabon maganinsa, ya ji maroƙi yana yi wa attajiri kirari, ya ji mata suna ciniki suna jefa wa juna habaici, ya ji tsofaffi suna warware gardama da karin magana. Yara da yawa su kan ji waɗannan abubuwa su wuce. Mamman kuwa in magana ta shiga kunnensa ba ta fita. Wanda ya saurari waƙoƙinsa na baya zai tarad da su cike da irin wannan Hausa ta kasuwa da ta zaure.

Wasan Dandali

A ƙauyukan ƙasar Hausa, in kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, wata kuma ya yi haske, sai samari da 'yan mata su fita dandali bayan cin tuwon dare. 'Yan mata su yi gaɗa, samari su yi rawa, mai kalangu yana kiɗa. Nan Mamman ya fara ɗaga murya. Ba don kuɗi ya ke yi ba, sha'awa ce kawai, yadda wani yaro ya kan so langa, wani kuma ya so ginin shanun laka. In ya ga wani abin dariya da rana, da dare sai ya mai da shi waƙa, abokansa suna amsawa. Ba a daɗe ba ya fi duk samarin da su ke waƙa a garin, labarinsa ya fara kai wa ƙauyukan da ke kewaye.

To, sai abin ya zama damuwa a gida. Mahaifinsa bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba ko kaɗan. Yana da dalili kuwa. A zamanin nan sana'a gado ce. Ɗan maƙeri ƙira ya ke yi, ɗan masaƙi saƙa, ɗan wanzami wanzanci, ɗan makaɗi kiɗa. Gidan su Mamman ba gidan kiɗa ba ne. Mutane kuma suna ɗaukar kiɗa da waƙa roƙo ne, ba su ga yadda za a yi ɗan mutunci ya bar noma da fatauci ya koma jiran abin hannun wani ba. Ibrahim Yaro so ya ke ɗansa ya zama manomi ko ɗan kasuwa, ya ci guminsa.

Ga Mamman tsakanin abu biyu. In ya riƙe faifan talla, zai sami abinci da kwanciyar hankali a gida. In ya bi waƙa, ba shi da uban gida a cikinta, ba shi da kayan kiɗa na gado, in kuwa abin bai karɓe shi ba, ya rasa jari, ya rasa girma. Samari da yawa sun bi wannan hanya sun ƙare ba tsuntsu ba tarko. Amma waƙa ta riga ta zauna masa a zuciya. Daga ƙarshe ya ajiye talla, ya rungumi waƙa ita kaɗai.

Daga Bakori zuwa Funtua

Da ya bar Musawa sai ya zauna a Bakori. Can ya sami wani ɗan sarautar garinsu, Abdullahi Inde, wanda ya ke aikin En'e wajen sayen auduga da gyaɗa. Shi ya riƙe shi, ya zama uban gidansa. A Bakori ya yi aurensa na fari. Zaman nan ya yi masa amfani ƙwarai, gama kasuwar auduga wuri ne da kuɗi ke shiga hannun manoma, in kuwa kuɗi ya shiga sai bukukuwan aure da na suna su yawaita, a nemi mawaƙi. Daga Bakori ya riƙa fita da makaɗansa gari gari, har Katsina da Kano.

A cikin shekara ta 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi wani babban biki a Kano wanda a ke kira Bikin 'Yan Sarki, inda aka yi wa 'ya'yan sarauta da yawa aure a lokaci guda. Mawaƙa suka taru daga ko'ina. Shata ya yi wasa a wannan biki, daga nan kuwa tauraronsa ya fito sosai, sunansa ya shiga bakin manya.

A cikin shekara ta 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, ya ƙaura zuwa Funtua. Wurin ya dace da mai yawan tafiya, gama hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina duk nan su ke haɗuwa. Ko da ya ke yana da gida a Kano, Funtua ce ta zama garinsa har kusan shekara arba'in.

Shata bai zama makaɗin fada ɗaya ba. Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, da kotso ya ke masa kiɗa. Sarkin Taushin Katsina na fadar Katsina ne. Ɗan Anace kuwa 'yan dambe ya fi yi wa waƙa. Amma Shata na kowa ne. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai, ya yi wa ma'aikata da direbobi da manoma da mata, duk wanda ya ga yana da abin faɗi.

Kalangu

Ba a fahimtar waƙar Shata sai an san kalangu, gama da shi a ke yi masa kiɗa. Kalangu aikin hannu ne mai wuya. Masassaƙi ya ke samun ice mai kyau, ya sassaƙe shi, ya rarake cikinsa, ya bar baki biyu masu faɗi, tsakiya kuwa siririya kamar ƙugun zanzaro. Sa'an nan a sami fatar akuya mai laushi, a kankare ta har ta yi shara shara, a rufe bakin nan biyu da ita. Kana a ɗaure fatar wannan baki da ta wancan da igiyoyin fata masu yawa, waɗanda a ke kira tsarkiya. Abin bugun kuwa ɗan lanƙwasasshen ice ne, sunansa makaɗi.

Mai kiɗa ya kan rataya kalangu ya saƙale shi a hammata. In ya matse tsarkiya fatar ta kan ɗame, murya ta hau. In ya sassauta, murya ta sauka. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka. Ku lura da kuka, itacen da a ke miya da ganyensa, da kuka na hawaye. Ku lura da wuya, inda a ke sa dutsen ado, da wuya ta wahala. Rubutunsu ɗaya, amma murya ta raba su. Don haka ne kalangu ya ke iya kwaikwayon magana, har ya kira sunan mutum ya yi masa kirari, mai kunne ya gane.

Tun asali kalangu kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali, ba a lissafa shi cikin kayan kiɗan fada kamar tambari da kakaki da algaita. Shata ne ya shiga da shi gaban sarakuna da shugabannin ƙasa, ya kuma ƙetare teku da shi.

Kayan kiɗa suna son kula kamar yadda goro ke so. Da damina fata ta kan yi sanyi ta saki, sai an shanya ta ko an ɗan gasa ta kusa da wuta kafin muryarta ta dawo. Tsarkiya ta kan tsinke, fata ta kan fashe. Makaɗin kirki ba ya fita tafiya sai ya duba kayansa ɗaya ɗaya, ya ɗauki na canji, gama in kalangu ya mutu a tsakiyar fage, ba wanda zai jira a je kasuwa.

Yadda Ya ke Tsara Aikinsa

Shata ba ya rubuta waƙa. A fage ya ke ƙaga ta nan take, yana duban mutane. Shi ya sa in ya maimaita waƙa ɗaya a wurare biyu, ba ta zuwa daidai da juna, sai ka ji ya ƙara nan, ya rage can. Wanda bai sani ba zai zaci abin ba shi da tsari, ya ke faɗin duk abin da ya zo masa a baki. Ba haka ba ne.

Ku dubi masaƙi. Ba ya fara jefa ƙoshiya sai ya yi wadari, ya ja zarensa ya miƙe sarai. In wadari ya yi kyau, sa'an nan ya ke sa launin da ya ga dama, fari ko baƙi ko ja. Waƙar Shata ma tana da nata wadari, shi ne gindin waƙa, watau 'yar gajeruwar magana wadda a ke ta maimaitawa. Ita ya kan fara kafawa, makaɗa su ɗauke ta da kalangu, 'yan amshi su riƙe ta da baki. Bayan wannan sai ya riƙa kawo 'ya'yan waƙa ɗaya bayan ɗaya, in ya kai ƙarshen kowane ɗa a koma gindi. Sa'ad da 'yan amshi ke amsawa, shi kuwa yana numfasawa, yana shirya abin da zai faɗa gaba. Da wannan dabara ya ke iya daɗewa yana waƙa ba ya ɓata hanya.

Ƙungiyarsa ma kowa da aikinsa. Akwai mai babban kalangu wanda ke jan kiɗa, akwai masu ƙananan da ke bi, akwai mai kuntuku wanda ke riƙe taki kada kiɗa ya yi sauri ko ya yi nawa. Sau da yawa mai kiɗan shi ne kuma mai amshin. Akwai kuma maroƙi wanda ke kirari, yana shelar kyautar da aka bayar da sunan mai bayarwa. Shata ne ke gaba, amma duk kunnensu yana wurinsa, nasa kuma yana wurinsu. In mutum ɗaya ya shagala ya shigo ba a kan lokaci ba, waƙa ta ɓaci. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugaban ƙungiya irin wannan shi ke ɗauke da cinsu da shansu da motar tafiyarsu, shi ke raba musu abin da aka samu gwargwadon matsayin kowa, shi ke tuna ranar da aka yi alkawari da masu biki. Mawaƙin da bai iya riƙon jama'a ba, ko muryarsa ta kai ta kanari, watse masa za su yi.

Akwai kuma shirin da a ke yi tun kafin a shiga fage. Ba a yi wa mutum waƙa sai an san shi. Tilas mawaƙi ya san sunansa da na ubansa da na kakansa, ya san garinsu da sana'arsa da abokansa da abin kirkin da ya taɓa yi. In ya kuskure ya ba mutum uban da ba nasa ba a gaban jama'a, abin kunya ne babba. Duk waɗannan sunaye, na mutane ɗaruruwa a garuruwa dabam dabam, a ka Shata ya ke riƙe da su, ba takarda, ba alƙalami. Ba ya samun haka sai da tambaya da sauraro.

Ko shekara ma tana da tsarinta. Da damina jama'a suna gona, biki ya kan yi ƙaranci. Da kaka da rani kuwa, in an sayad da auduga, sai gayyata ta yi yawa. Shata bai yar da noma ba. Yana da gonaki a ƙasar Funtua, ya kuma yi waƙoƙi yana kiran mutane su riƙe noma. Ashe abin da mahaifinsa ya so ya gan shi yana yi, bai bar shi duka ba.

Mai Sauraro da Masu Sauraronsa

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, domin yana jin labarin abin da aka yi tun ba a haifi kakan ba. Shata mutum ne mai buɗaɗɗen kunne ga abin da duniya ke ciki. Sa'ad da aka yi yaƙin basasa a Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa zuciyar soja da kiran jama'a su haɗa kai. A cikin shekara ta 1969 mutanen Amurka suka harba kumbon da a ke kira Apollo 11, mutum ya taka wata da ƙafarsa. Labarin ya zo ta rediyo, wasu suka gaskata, wasu suka ƙaryata. Shata ya ɗauki labarin ya yi masa waƙa, har manomin da bai taɓa riƙe jarida ba ya san sunan kumbon. Ya yi waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya yi waƙoƙin gargaɗi, da na sana'o'i, da na dabbobi. Akwai kuma babbar waƙarsa wadda a ke kira Bakandamiya, inda ya ke yi wa kansa kirari yana ba da labarin yawonsa, ya yi ta ƙara mata 'ya'ya shekara da shekaru. Shi kansa bai san adadin waƙoƙin da ya yi ba saboda yawansu.

Harshensa yana da zaƙi, yana kuma da kaifi. In ya yabi mutum sunansa ya kan zaga ƙasa, in kuwa ya yi masa zambo sai ya rasa inda zai sa kansa. Don haka manya da yawa suna sonsa suna kuma shakkarsa. Ba dukan waƙoƙinsa ne malamai da iyaye suka yarda da su ba, gama akwai waɗanda ya yi don wuraren shagali. Mai hankali ya kan zaɓi abin da zai saurara, kamar yadda mai sayen goro ya ke zaɓe.

Zamaninsa ya zo daidai da zuwan na'urorin ɗaukar murya. Da fari, wanda ke son jin mawaƙi sai ya taka ya je inda a ke biki. Sa'an nan garmaho ya zo, aka ɗauki muryar Shata a faifai, mai hali ya saya ya sa a zaurensa, maƙwabta su taru. A cikin shekara ta 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyonta a Kaduna, wanda muryarsa ke kai wa nesa ƙwarai. A shirin Zaɓi Sonka mutane su kan aika da takarda su gai da 'yan'uwa, su roƙi a sa musu waƙar da su ke so, sunan Shata kuwa ba ya ɓacewa a ciki. Da ƙananan akwatunan rediyo masu batir suka yawaita, sai manomi ya rataya nasa a reshen itace yana noma yana ji. Bayan wannan kaset ya zo, direbobi suka ɗauke shi a mota. Yau kuwa a cikin wayar hannu a ke jinsa.

Masu sana'ar hannu suna cikin waɗanda suka fi sauraronsa. Maɗinki a bakin kekensa, da mai ɗinkin hula a gindin bishiya, da baduku, da marini, da masaƙi, duk aikinsu na zama ne mai tsawo, ido da hannu suna aiki, kunne kuwa ba ya kome. Kiɗan kalangu mai taki ɗaya ya kan ɗebe musu kewa, hannu ya bi kiɗa, aiki ya yi ta tafiya ba a ji gajiya ba. Tun kafin zuwan rediyo haka abin ya ke, gama manoma suna da kiɗan gayya, maƙera suna da nasu, mata ma su kan yi waƙa a bakin dutsen niƙa.

Girmamawa da Rasuwa

Waƙa ta kai Shata Nijar da Ghana da wasu ƙasashen Afirka, ta kai shi Ingila da Amurka. Ya kuma je Makka ya sauke farali. Masana suka fara nazarin waƙoƙinsa. A cikin shekara ta 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya sami digirin dokta a Jami'ar Indiyana ta Amurka da binciken da ya yi a kan Shata. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A cikin shekara ta 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, aka sa masa rigar malamai da hularsu, aka riƙa kiransa Dokta Mamman Shata. Ɗan tallan goron Musawa ke nan, wanda bai taɓa zama a benci a aji ba.

Da tsufa ya zo sai ciwo ya kama shi. Aka yi jinyarsa a Kano, aka kai shi Jidda, aka komo da shi. Ran Jumma'a, 18 ga watan Yuni, 1999, Allah ya yi masa rasuwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara wajen saba'in da shida. Aka kai shi Daura aka binne, garin babban masoyinsa, Sarkin Daura Muhammadu Bashar. A cikin shekara ta 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fid da babban littafin tarihinsa, mai suna Shata Ikon Allah.

Tsoron da Ibrahim Yaro ya ji wa ɗansa ba na banza ba ne, gama sha'awa ita kaɗai ba ta ciyad da kowa. Yaran da suka yi waƙa a dandalin Musawa suna da yawa, amma ɗaya ne duniya ta sani. Baiwa daga Allah ta ke, sai dai Shata bai bar tasa ta kwanta ba. Ya saurari mutane tun yana yaro har ya tsufa, ya kuma san inda kowane abu na sana'arsa ya ke, daga gindin waƙa har zuwa mai riƙe da kuntuku. A kowane aji akwai yaro mai son zane, ko ɗinkin hula, ko ƙera mota da kara, akwai yarinya mai son saƙar faifai ko ginin tukunya. Kada su raina abin, kada kuma su bar karatu dominsa. Su kasa kunne ga waɗanda suka fi su sani, su adana kayan aikinsu wuri ɗaya, su gama abin da suka fara kafin su ɗauki wani. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah ya ji ƙan Alhaji Mamman Shata, ya gafarta masa kurakuransa, amin.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Mamman Shata, a wace shekara kuma?
2. Waɗanne abubuwa ne tallan goro ke koya wa yaro?
3. Don me mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba?
4. Faɗi sassan kalangu, ka bayyana yadda ya ke kwaikwayon magana.
5. Mene ne gindin waƙa? Wane amfani ya ke yi wa mawaƙi?
6. Lissafa na'urorin da mutane suka saurari Shata da su, daga na fari har na yau.
7. Kawo kalmomi biyu waɗanda rubutunsu ɗaya ne amma murya ta raba su, ban da waɗanda ke cikin labarin.
8. Wace sana'ar hannu a ke yi a garinku? Je wurin mai yinta ka tambaye shi sunayen kayan aikinsa, ka rubuto su.